Injin turbo yana shan baƙin mai, bakanike ya ce a canza turbo: in yarda?

Ma'aikaci daga Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji kafin in kashe kuɗin da ban tanada ba. Watanni takwas da suka wuce na sayi mota 'yar Kwatano, ƙirar shekarar 2011, mai inji silinda huɗu, lita 2.0, mai turbo, kuma agogonta yana nuna kilomita 168,000, ko da yake kowa ya san agogon motar da ta biyo ta hannun dillalai ba abin rantsuwa ba ne. Motar tana da ƙarfi, ba ta zafi, ba ta wata baƙuwar ƙara, amma tana shan baƙin mai fiye da kima. Ina zuwa aiki Kaduna sau uku a mako, kusan kilomita 160 zuwa da dawowa, kuma duk bayan mako biyu sai na ƙara mata lita guda.

Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ban ga ko ɗigo ɗaya ba. Hayaƙi kuwa ban taɓa gani da idona ba, sai dai wata rana da muka daɗe a tsaye cikin cunkoson Kawo, abokin aikina da ke biye da ni ya ce da hanya ta buɗe na taka totur, ya ga shuɗin hayaƙi ya fito daga salansa, sannan ya ɗauke.

Bakanike na farko da na je wurinsa ya kwance bututun iska, ya zura yatsa, ya nuna mini maiƙo, ya ce turbo ya mutu, a sayo na Beljiyam. Na biyu ya ce a bar turbo, a daina zuba mai mai ruwa-ruwa, a koma 20W-50, a haɗa da wani ƙarin mai mai kauri kamar zuma. Shin maiƙon da aka nuna mini ya isa hujjar canza turbo? Kuma shin lita guda a wannan tafiyar abin tsoro ne, ko kuwa haka injinan turbo suke, ni ne ban saba ba?

Tsohon Bakanike, Kano, ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna. A shekarun da na yi a gareji na ga turbo da yawa an kwance su an jefar, an ɗaura wasu, bayan wata guda mai motar ya dawo da matsalarsa yadda take, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Da farko ka san cewa ɗan maiƙo a cikin bututun iska ba ciwo ba ne. Kowane inji yana fitar da tururin mai daga ƙasansa, kuma an tsara shi ne ya mayar da wannan tururi cikin hanyar iska ya ƙone, saboda haka duk motar turbo da ta yi tafiya irin taka, in ka zura yatsa za ka fito da baƙi. Abin da ke nuna matsala shi ne a kwance bututun ƙasa na intakula, wato akwatin da ke sanyaya iskar da turbo ya matso, mai ya tsiyayo har ya taru a kofi.

Sannan ka fahimci yadda turbo yake riƙe mai, domin a nan mutane suke ruɗewa. Farfela biyu ne a kan sanda guda, hayaƙin salansa yana juya ɗaya, ɗayar tana cusa iska cikin inji, kuma sandar tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti guda, tana shawagi a kan ɗan siririn mai. Babu robar da za ta jure wannan gudu da wannan zafi, shi ya sa abin da muke kira sil a turbo ƙananan zobba ne na ƙarfe, kuma ba su kaɗai suke tare mai ba. Matsin iska ta gefe ɗaya da matsin hayaƙi ta ɗaya gefen su ne suke tura man ya tsaya a tsakiya. Famfo ne yake kawo mai ta sama, amma fitarsa ta ƙasa babu famfo, gangarawa kawai yake yi ta bututu ya koma cikin inji. Duk abin da ya hana shi gangarawa zai sa lafiyayyen turbo ya yi ta zubar da mai.

Abubuwa uku na fi gani. Na ɗaya shi ne bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV, kuma a yawancin motocin Turai yana zaune ne a kan marfin inji da wata faifayar roba a cikinsa. In ya toshe, iska tana taruwa a ƙasan inji ta tokare man da ke gangarowa daga turbo. In kuma robar ta yage, injin yana zuƙar mai kai tsaye ta hanyar iska. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: ka bar motar a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, ka yi ƙoƙarin buɗe murfin zuba mai. In ka ji yana riƙewa da ƙarfi kamar ana jan sa ciki, ko kana jin wani siririn fito daga saman inji, robar ta yage. Na biyu shi ne bututun da mai yake komawa, wanda gawayin ƙonannen mai yake cushewa, musamman a motar da ake kashewa nan take bayan doguwar tafiya. Na uku shi ne filtar iska, kuma wannan ciwon namu ne na Arewa. Lokacin hunturu filta tana cika da ƙura cikin ɗan lokaci, kuma in ta toshe, turbo yana neman iska bai samu ba, sai ya janyo mai ta zobensa. Yaran gareji suna hura mata iska su mayar, har takardar ta huje, ƙura ta riƙa wucewa tana cin bakin farfela.

In an duba waɗannan duka, sai a taɓa turbo ɗin kansa. A cire bututun gaba, inji a kashe kuma a sanyaye, a kama sandar da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne matuƙar farfela ba ta gogar bango, amma motsi ciki da waje bai kamata a ji shi ba. Bakaniken da bai yi maka wannan ba, bai duba turbo ba, yatsa kawai ya shafa.

Game da hayaƙin da aka gani a Kawo, shuɗin hayaƙi bayan doguwar tsayuwa a silo yana iya fitowa daga turbo, yana kuma iya fitowa daga robobin wuyan bawul da suka bushe, don haka shi kaɗai bai yanke hukunci ba. Rashin ganinsa kullum ma kada ya kwantar maka da hankali, domin in katalis ɗin motarka yana nan, wato abin nan na cikin salansa da yara suke kira indomi, yana cinye mafi yawan hayaƙin kafin ya fito, kuma shi ma man yana kashe shi sannu a hankali.

Injiniya daga Abuja ta amsa:

Baba ya yi bayanin turbo yadda ba sai an ƙara ba, ni kuma zan taɓa ɓangaren da ya fi tsada, domin gara Malam ya san da shi tun yanzu.

Bisa lissafin tafiyarka, kana shan kusan lita guda a kilomita 1,000. Littafin motocin Volkswagen da Audi, misali, yana cewa inji zai iya shan har rabin lita a kilomita 1,000 a ce yana cikin ƙa'ida, kuma masu motoci da yawa suna ganin ko wannan iyakar an faɗaɗa ta ne don kamfani ya kare kansa. Kai ka ninka ta, saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a, ba haka injinan turbo suke ba. Gaskiya ne sun fi injin da ba turbo saurin shan mai, domin ƙaramin inji ne ake matsa wa ya yi aikin babba, zafi da matsi a cikin silinda sun fi yawa, iskar da ke kuɓucewa ta gefen fistin ta fi yawa, kuma man yana ratsa turbo da hayaƙi mai zafin da kan kai digiri 900 yake juyawa. Amma wannan yana bayyana ɗan ragi ne tsakanin juye da juye, ba galan guda ba.

Ba ka faɗi sunan motarka ba, don haka ka duba ko injinta yana da tarihi. Shahararren misali shi ne injin 2.0 TFSI na Audi, daga zuriyar da ake kira EA888, wanda aka sa a A4 da A5 da Q5 na shekarun 2009 zuwa 2011. Masu waɗannan motoci a Amurka sun haɗu sun kai ƙara kotu kan shan mai, aka kuma yi sulhu. Matsalar ba a turbo take ba, a fistin take. Kowane fistin yana da zobba uku: biyu na sama suna riƙe matsi, na ƙasa yana kankare mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu ƙananan huduji. Don a rage gogayya a tsimi fetur, an yi zoben siriri da huduji ƙanana ƙwarai, sai gawayi ya toshe su, man da ya kamata ya koma ƙasa ya zauna a bango ya ƙone. Abin lura shi ne tsarin da kamfanin ya bi wajen gyara: da farko a canza bawul ɗin numfashi da sil ɗin gaban inji a sabunta manhajar kwamfutar motar, sannan a auna shan mai, kuma sai in awon ya nuna ya wuce iyaka ake buɗe inji a canza fistin da zobba. Wato ko su da suka ƙera injin daga mai araha suka fara.

Kuma kada a ɗauka wannan ciwon turbo ne kawai. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Toyota Camry 2007 zuwa 2009, wadda ta cika titunanmu, ba shi da turbo ko kaɗan, amma ya yi suna wajen shan mai saboda zobban fistin, har Toyota ta tsawaita garanti a kansa a Amurka.

Akwai tarko guda a nan. Za a iya yi maka gwajin matsin silinda sakamako ya fito lafiya ƙalau, a ce maka zobba ba su da laifi, alhali gwajin yana auna zobban sama ne, zoben mai kuwa yana iya maƙalewa matsi bai ragu ba, har ma man da ya taru a bango yana ƙara toshe kafa ya gyara lambar. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne a cire fulogi huɗun a jera su bisa tsarin silinda a dubi bakinsu, sannan a zura 'yar kyamarar nan mai igiya ta ramin fulogi a ga saman fistin. Garejin da ke da na'urar kwamfuta sau da yawa yana da ita.

Kafin duk wannan, ka yi awo na gaskiya. Ka tsayar da motar a wuri ɗaya shimfiɗaɗɗe, inji da ɗumi, ka jira minti goma bayan kashewa, ka cika mai daidai layin sama ba tare da wucewa ba, ka rubuta lambar agogo, sannan ka maimaita awon a wuri guda bayan kilomita 1,000. A yawancin motoci tazarar layin ƙasa da na sama kusan lita guda ce. Cika mai ya wuce layi shi kansa yana haddasa shan mai, kuma masu juye da yawa suna juye galan ɗin duka don kada a ce sun rage.

Direban Dogon Zango, Sakkwato, ya amsa:

Ina girmama ilimin Hajiya da na Baba, amma ni ina ganin bakanike na biyu bai yi kuskure ba. Shekara goma sha biyar ina lodi tsakanin Sakkwato da Kano, kuma ban taɓa zuba wa motata wani mai ba sai 20W-50. A watan Afrilu zafin garinmu yana wuce digiri 40, kuma man da aka yi don ƙasashen ƙanƙara in ya ji wannan rana zama yake kamar ruwa. Na sha ganin motar da ke shan mai an zuba mata mai kauri ta rage. In abu yana aiki, me ya sa za a tura bawan Allah ya buɗe inji?

Injiniya daga Abuja ta sake amsawa:

Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, mai kauri yana rage sha, kuma a tsohon inji marar turbo irin na motocin haya, wanda aka ƙera da sarari tsakanin ƙarafansa kuma littafinsa ya yarda da wannan mai, ba ni da ja. Amma motar Malam wata halitta ce daban.

Zafin gari ba shi ne yake yanke kaurin mai ba kamar yadda ake zato. Ko a Sakkwato ko a Jos, in inji ya yi ɗumi mansa yana aiki ne a kusan digiri 100, domin ruwan lagireto ne yake daidaita shi, kuma lamba ta biyu a jikin galan, 30 ko 40 ko 50, a daidai wannan zafin ake auna ta. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudu ne lokacin da inji yake sanyi. Saboda haka 5W-40 ba ruwa ba ne in ya yi zafi, kaurinsa na 40 ne, sai dai da asuba yana isa turbo da sauri, a daidai lokacin da sandar take juyawa tana jiran mai. Shi kuwa 20W-50 yana jinkirin isa, yana jinkirin gangarowa ta bututun komawa, yana kuma wahalar da na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da abin da ke ɗaure sarƙar inji, waɗanda duk da matsin mai suke aiki. Mafi yawan wanda ake sayarwa a bakin hanya kuma ba a yi shi don zafin turbo ba, yana saurin ƙonewa ya zama gawayi, gawayin nan kuwa shi ne yake toshe hudujin zobe tun farko. Za a ga sauƙi wata uku, sannan a gane gyaran gangar Auzinawa aka yi.

Wani ɓangare na man da ke ɓacewa ma ba ƙonewa yake yi a silinda ba, tururi yake zama. Akwai gwajin da ake kira Noack, inda ake dafa mai a digiri 250 na awa guda a auna abin da ya tashi, kuma ƙa'idar API, wato ma'aunin ingancin mai na cibiyar man fetur ta Amurka, ba ta yarda ya wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Man jabu da ake ɗurawa a tsofaffin galan babu wanda ya gwada shi. Don haka, Malam, ka buɗe littafin motarka ka ga lambar ƙa'idar da aka rubuta, ba kaurin kawai ba, ka nemi galan da ke ɗauke da ita daga dillali na gaskiya, ka tsaya a buɗe shi a gabanka. In injinka mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne, ka fifita mai alamar API SP, wadda ta fito a 2020, domin an tsara ta ne don kare ƙananan injinan turbo daga wata muguwar fashewa da ke faruwa kafin fulogi ya ba da wuta, wadda kan fasa fistin. Tazarar juye ta kilomita 15,000 ko fiye da ake bi a Turai kuma ba ta ƙurarmu da cunkosonmu ba ce. Ni a tawa motar ba na wuce 6,000.

Ma'aikaci daga Zariya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, na dawo da rahoto bayan mako uku. Na yi gwajin murfi a ƙofar gida kamar yadda Baba ya ce, kuma sai da na sa hannu biyu kafin ya buɗe, yana buɗewa injin ya fara rawa. Na kai wani gareji daban, aka kwance bawul ɗin numfashi, muka ga robar ta tsage kusan tsawon ɗan yatsa, ta bushe har tana karyewa in an lanƙwasa. Filtar iska kuwa da aka buga ta a ƙasa, ƙurar da ta zubo ta isa cika tafin hannu, kuma akwai huji biyu a jikinta. An duba sandar turbo a gabana, motsin gefe kaɗan ne, ciki da waje babu, intakula kuma abin da ya fito daga cikinta bai kai cokali biyu ba. Aka sa sabon bawul da sabuwar filta, aka yi juye da 5W-40 mai lambar da littafi ya faɗa.

Na yi awon Hajiya a wuri ɗaya, kuma bayan kilomita 1,040 man ya sauka kusan rabin tazarar da ke tsakanin layukan biyu. An samu sauƙi sosai, amma bai daina ba. Fulogi na silinda ta biyu da ta uku sun fi sauran baƙi, da ɗan ɓawon toka a bakinsu. Shin in shirya buɗe inji ke nan?

Tsohon Bakanike, Kano, ya sake amsawa:

Madalla, Malam, ka tsira da kuɗin turbo. Kada ka buɗe inji a kan awo ɗaya, domin akwai ragowar tsohon mai a cikin bututu da salansa, kuma waɗancan fulogi tarihin wata takwas suke ɗauke da shi, ba na mako uku ba. Ka sa sababbi huɗu, ka yi awo sau biyu nan gaba, sannan a sake cire su a gani. In na biyu da na uku suka sake yin baƙi su kaɗai, turbo ya fita daga zargi a kan wannan baƙin, tunda man da ya fito daga gare shi duk silinda huɗun yake rabawa. Sai a zura kyamara a bambance tsakanin robar wuyan bawul da zobe. In robar ce, ana iya canza ta a injina da yawa ba tare da an sauke inji ba. In zobe ne kuma shan bai wuce rabin lita a kilomita 1,000 ba, ni da motata ce zan ci gaba da hawa, in riƙa duba mai duk ranar Asabar da safe, da lita guda a but, ina tara kuɗin aikin a hankali. In ka iso Kaduna daga babbar hanya, ka ba ta minti ɗaya ko biyu a silo kafin ka kashe. Ka kawo mana lambobin awo na gaba tare da hoton fulogin.